Ranar da Kwamfutar Baffa Ta Ƙi Sakin Rumbu

Allah ya karɓi Baffa da hantsi, a gonar bayan gida, ana tsakiyar damina. An ce masa awaki sun shiga gyaɗa, ya ɗauki sanda ya fita, bai ko ja ƙofar ɗakinsa ba. Kafin azahar maza sun kai shi makwancinsa.

Baffa yayan mahaifina ne. Gida ɗaya suke, gandu ɗaya, a wani ƙauye da ke cin kasuwar Ɗanbatta. A ɗakin matarsa, wadda muke ce wa Inna, na tashi tun daga yaye har aka kai ni gidan miji. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka shi da mahaifina babu mai kama sunana, Uwata suke ce mini. Karatuna bai yi nisa ba. Abin da na gani shi zan rubuta, don kada yaran gidanmu su tashi ba su san ko wane ne shi ba.

Mutane sun zo gaisuwa fiye da yadda muka zata. Tabarmi suka ƙare, aka aro na makarantar allo. Daga cikin gida muna jiyo abin da ake faɗa a zaure. Liman ya ce bai taɓa ganin Baffa ya yi gaggawar komai ba sai wannan tafiya. Wani tsoho mai awon gyaɗa ya ce, "Duk hoton da ke rataye a bangon garin nan shi ya ɗauka. Nasa ne kawai babu." Wani direban motar Kano, mutum mai faɗa da kowa, ya tsuguna a bakin zaure yana share ido da hularsa. Ya ce, "Dattijon nan ya sha makarar da ni. Amma da yau zai leƙo ya ce in jira, wallahi sai in kashe mota in jira har magariba."

Sai kuma matan gudun hijira, waɗanda suka zo mana daga Barno a shekarun tashin hankali suka zauna a kangayen bakin gari. A ƙafa suka zo. Suka zauna kusa da madafa, ba su ci komai ba, ba su yi kuka mai sauti ba. Ɗaya daga cikinsu ta kama wuyan hannuna ta ce, "'Yar nan, rumbun fa? Hannun wa zai koma?"

Dukanmu mun san abin da take nufi. Wani ɗan baƙin akwati ne, bai fi tafin hannu ba, mai gajeriyar waya da ake sokawa a jikin kwamfuta. A ciki Baffa yake ajiye hotuna da muryoyi, shi ya sa yake ce masa rumbu. Kuma a duk duniya, a cikinsa kaɗai Yaya ya rage.

Yaya shi ne ɗan Baffa da Inna, na fari, kuma shi kaɗai suka samu. Kakanmu daga Barno ya zo da fataucin banda, ya sami ƙasa a nan ya zauna, amma dangi suna can. Da abubuwa suka rincaɓe, aka daina samun kowa a waya, Yaya ya ce zai je ya taho da wata kakarmu da ta makance. Ya tafi. Ba a ce mana ya mutu ba, ba a ce mana yana raye ba. Abin da ya bar mana shi ne wani ɗan gajeren bidiyo da Baffa ya ɗauka da kaka. Yaya yana ɗora buhunan gyaɗa a amalanke, gumi ya jiƙa rigarsa, yana dariya yana cewa, "Baba, ka ajiye abin nan ka zo ka kama buhu." Ana jin Baffa daga bayan kyamara yana cewa, "Kama dai, ai kai ne mai ƙashi." Sai Yaya ya juya wajen ƙofar gida ya ɗaga murya: "Inna, a ajiye mini ƙanzo!" Shi ke nan.

Inna ba ta taɓa kama sunan Yaya ba. Ɗan fari ne, kuma ita mace ce mai kara irin ta mutanen da. Ko yana ƙarami ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". Da ya ɓata ma ba ta taɓa cewa a kunna mata shi ba. Amma Baffa ya san matarsa. Duk Juma'a in ya dawo masallaci, sai ya buɗe ƙofar ɗakinsa gaba ɗaya, ya juya fuskar kwamfuta ta dubi tsakar gida, ya kunna, ya koma gefe yana gyaran hula kamar shi ma ba kallo yake ba. Ita kuma sai ka ga tsintar shinkafa ta kawo ta daidai bakin ƙofar. Ba ta ɗaga kai sosai. Babu wanda ya taɓa yin magana a kan haka, har Gwaggo, ƙanwar Baffa da mahaifina, wadda ba ta barin komai ya wuce.

Baffa manomi ne kafin komai. Hoto kuwa sana'ar rani ce da ta ranar kasuwa. Ya fara da kyamara mai fim, da zamani ya juya ya bi shi, har ya sayi tsohuwar kwamfuta ta hannu a Kano. Batirinta ya mutu tun kafin ta zo gidanmu, in wuta ta ɗauke ko da ƙiftawar ido ne sai ta mutu. Sifikarta ma ba ta aiki, sai ya haɗa mata wata ta waje mai abin murɗawa. Ya ɗora sola a kan rufi, da batir guda da inbata a ƙarƙashin tebur. Turancinsa kaɗan ne, nawa ya ɗan fi nasa, shi ya sa in rubutu ya fito a fuskarta yakan aika a kira ni. Da haka na san ɗan abin da na sani.

Duk wanda zai shiga ɗakin nan, yaro ko babba, sai Baffa ya ce, "Hannu a baya." Ya ce da dagaci ma. Babban abin da ya hana shi ne a zare rumbu, ko filash, ko memori, ba tare da kwamfuta ta sake shi ba. Akwai wata 'yar alama a kusurwar ƙasa, ita ake dannawa a nemi ta saki. In ta yarda sai rubutu ya fito, 'yar fitilar jikin rumbun ta daina ƙiftawa. Ko bayan haka sai ya ɗora yatsa a kansa ya ji ya daina rawa kafin ya zare.

Sau da yawa takan ƙi. Samarin da ke kawo masa memori a sa musu wa'azi ko waƙa sai su ƙosa. "Baffa, fizge kawai, mu kullum haka muke yi." Sai ya ce, "Kai kullum kana tsallaka titi ba ka duba ba, ai ba wayonka ba ne." Yakan ce, "Ba ta ƙarya, bayani ne ba ta iya ba. In ta ƙi saki, akwai wani a ciki. Nemo shi." Sai ya bi abubuwan da ke buɗe yana rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci hoto ne aka buɗe aka manta. Wani lokaci wayar wani ce a jone tana kwasa. In ya rufe komai ta ƙi, sai ya tashi ya yi alwala ko ya leƙa tumaki, ya dawo ya sake gwadawa.

Direban nan da ya yi kuka a zaure, ga abin da ya haɗa su. Wata daga cikin matan gudun hijira ta zo da memori ƙulle a bakin zaninta. Muryar mijinta ce a ciki, yana kiran sallah a masallacin garinsu, kuma shi da masallacin duk babu su yanzu. Za ta bi dangi Kano, tana tsoron kada memorin ya ɓata a hanya, ta ce a ajiye mata kwafi. Baffa ya kwafa. Da ya zo cirewa, kwamfuta ta ƙi. Mota ta cika a bakin titi, saura ita, direba sai danna oda yake. Matar ta miƙa hannu za ta zare, Baffa ya tare hannun da gefen hularsa. Ya fita har bakin titi.

"Direba, sauko ka sha fura."

"Baba, wace irin fura? Shingaye nawa ne a gabana, so kake in kwana a hanya?"

"Ai shingayen ba inda za su. Sauko."

Wani fasinja ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, ita kwamfutar taka naƙuda take yi ne?"

Baffa ya ce, "Naƙuda take. Kai ma da aka jira ka ai ba ka ji an yi oda ba."

Mota ta kwashe da dariya, direba ya sauko yana ƙunƙuni. Ashe abin nan mai farautar bairos ne, wanda Baffa ke ce wa ɗan sintiri, ya shiga memorin yana bincike. Baffa ya bari ya gama, kwamfuta ta saki. Matar ta karɓi abinta da hannu biyu. Ita ce ta kama hannuna ranar gaisuwa. Kano ba ta karɓe ta ba, ta dawo.

Wannan tsanani nasa yana da asali, kuma asalin shi ne faɗansa da mahaifina. Rumbun da nake magana shi ne na biyu. Akwai na farko.

A lokacin tsoro ya kai ko'ina. A hanya ana sauke mutane ana duba wayoyinsu. Wanda aka ji bakinsa da harshen Barno, ko aka ga hoton da ba a gane ba, sai ya yi ta bayani, wani ma ba ya dawowa gida a ranar. Mu da aka haife mu a nan, har iyayenmu, sai ga maƙwabta suna yi mana wani irin kallo. Inna ta daina yin harshensu ko a tsakar gida. Wata ranar kasuwa da rana tsaka aka ce ga mota ta tsaya a bakin gari, gida gida ake bi ana neman 'yan Barno. Mahaifina ya baro gona a guje. Ya faɗa ɗakin Baffa, ya tarar da shi yana kwashe hotunan wani biki yana zubawa a rumbun. A cikin rumbun nan akwai garinsu na asali gaba ɗaya: bukukuwa, samarin dangi masu yawa, kasuwar kifi, da mahaifiyarsu tana zaune a kan tabarma tana ba da labarin zuwansu Kano. Mahaifina bai yi magana ba. Ya fizge shi, ya ruga ya cusa a ƙarƙashin damman gero.

Motar ta masu sayar da taki ce.

Da aka ciro rumbun aka jona, kwamfuta ta ce ba ta san shi ba, sai dai a share shi a fara sabo. Baffa ya kai shi Kano wurin masu gyara, ya dawo da shi a aljihu. Bidiyon Yaya ya tsira ne kawai don a lokacin yana kan katin kyamara, ba a kai ga zuba shi ba. Katin ma daga baya ya lalace.

Ina tsakar gida ranar da ya dawo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce da mahaifina, "Ka sake binne mana uwa."

Mahaifina ya ce, "Gara hotonta ya tafi da a tafi da kai."

"Da ka ce mini in cire. Numfashi nawa ne?"

"Da sun shigo fa? Su za ka ce wa hannu a baya?"

Har yau ban san wanda ya fi gaskiya ba. Sun daina cin tuwo a kwano ɗaya. Suna gaisawa, suna noma kunya kusa da kunya, amma ba hira. Aka daɗe a haka. Abin da ya kawo sauƙi shi ne ciwon ƙafa da ya kwantar da mahaifina wata damina. Baffa ya nome masa gayaunarsa bai gaya wa kowa ba, ya kuma koma kai kwanonsa ɗakin mahaifina. Ba wanda ya ce yi haƙuri. Sai dai tun daga ranar fizgar nan mahaifina bai sake taka ɗakin kwamfuta ba har ranar da Baffa ya rasu.

Washegarin rasuwa, bayan azahar, hadari ya haɗo daga gabas. Dama kwanakin nan rana ba ta fito sosai ba. Muna zaune da Inna a ɗakinta, ta shiga takaba, mata sun kewaye ta, sai muka ji wani ƙara daga ɗakin Baffa, tsit, tsit, yana yi yana tsayawa. Na san shi. Inbata ce take kukan batir ya kusa ƙarewa.

Na tashi na je. Kwamfuta a kunne take tun jiya. Rumbu yana jone, fitilarsa tana ƙiftawa. A ƙasa kuma baƙi sun jera wayoyinsu a soket ɗin Baffa, kowa yana caji, har da tocila. Ba laifinsu ba ne, nan ne kaɗai wuta a unguwar.

Na cire wayoyin duka na zuba a faifai na miƙa waje. Kukan bai tsaya ba. Na zauna a kujerar Baffa, wadda ban taɓa zama a kanta ba, na kai kibiya kan 'yar alamar na danna. Rubutu ya fito da Turanci: ana amfani da shi, a rufe abin da ke amfani da shi a sake gwadawa.

Gwaggo ta biyo ni tana tsaye a kaina. "Me ta ce?"

"Ta ce wai ana amfani da shi."

"Wa ke amfani da shi? Mai shi yana ƙasa." Ta ja da baya har ta taka bakin ƙofa, tana salati. Matan da suka taru a bayanta suka ɗauka. Na ji wata tana cewa dama ba a taɓa kayan mamaci kafin a yi addu'ar uku. Wata ta ce a kira Liman.

Ni ba wannan ne tsorona ba. Kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa Baffa ya ce mini rumbun ya fara wani ƙara da bai so, yana so ya tattara abubuwan Yaya wuri guda kafin kaka ta yi ya sayi wani. Na ce a raina, ko wannan aikin ya bari yana tafiya? In tana tsakiyar rubutu wuta ta ɗauke, abin da ya sami na farko shi zai sami wannan. In na zare, haka. In na kashe kwamfutar gaba ɗaya, wanda shi ne dabarar Baffa ta ƙarshe, ban sani ba ko shi ma yankewa ne, tunda ban ga aikin da take yi ba.

Na bi yadda yake yi. Akwai hoton wata amarya a buɗe, na rufe. Akwai jakar hotunan makarantar Islamiyya, na rufe. Na buɗe ɗan sintiri, ba ya komai. Fuskar kwamfuta ta zama wayam. Na sake danna alamar. Ta ƙi. Na ɗora yatsa a kan rumbun, yana rawa a hankali, da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Sararin sama ya yi duhu har sai da na matso da fuskata. Kukan inbata ya fara matsowa kusa da kusa.

Wani daga cikin surukan gidan ya leƙo ya ce a nemo janareta. Aka ce mai shi ya tafi da shi biki Dawakin Tofa. Wani ya ce, "Ai zarewa za a yi da bismilla, Allah zai tsare."

"Kada wanda ya taɓa wayar nan."

Mahaifina ne. Yana tsaye a bakin ƙofa, Liman a bayansa. Hannayensa duka biyu suna baya. Bai shigo ba.

Ya ce, "Uwata, me ya rage?"

Na ce, "Baba, na rufe komai. Ta ce akwai wani a ciki, ni kuma ban gan shi ba."

Ya dubi teburin. Sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya cire takalmi ya shigo, ya wuce kwamfutar, ya kai hannu kan sifika ya murɗa.

Karatu ya cika ɗakin.

Gwaggo ta zauna a ƙasa. Ni kuwa ban san yadda aka yi na manta ba. Kowace safiya Baffa yakan kunna ƙira'a daga rumbun nan, izu sittin ɗin suna ciki, in ta kai ƙarshe ta koma farko. Ba ya yanke ta. Ko wa ke sallama sai sura ta ƙare yake rufewa ya fita. Jiya ne kaɗai ya fita ya bar ta, don yana ganin korar awaki ce, yanzu zai dawo.

Mahaifina ya ce, ba da ni yake ba, ba kuma da kowa ba, "Da muka shigo da shi muka shimfiɗe, karatu yana tashi, mutane suna ta kuka da surutu a kai. Ba a surutu a kan karatu. Ni kuma ba na taɓa masa na'ura. Sai na murɗe wannan."

Tun jiya ke nan ake karatu a ɗakin Baffa ba mai ji.

Yanzu na san wanda zan nema. Akwai wata 'yar kibiya a kusurwa da ke ɓoye ƙananan alamu, na buɗe ta, ga abin kunna sauti nan ya laɓe. Dannawa ɗaya ce. Na kai hannu.

Mahaifina ya ce, "Tsaya. Sura ba ta ƙare ba."

Na dubi Liman. Ya saurara kaɗan, ya ce, "Doguwa ce. Ko rabi bai kai ba."

"Baba, batirin ba zai kai ba."

"Shi ya kunna da hannunsa. Abu na ƙarshe da ya kunna ke nan. Na yanke masa sau ɗaya, Uwata. Ba zan tsaya a yanke masa wannan ina kallo ba."

Liman ya ce a shari'a babu laifi a tsaya a kan aya. Mahaifina ya ce ya sani, ba maganar shari'a yake ba. Iska ta fara kaɗa kwanon rufi. Inbata ta daina tsayawa tsakanin kuka da kuka. Hannuna yana kan kwamfuta, ban danna ba, ban ɗauke ba. Uba ne ya ce in tsaya. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, ko ranar motar taki.

Sai matan bakin ƙofa suka dare. Inna ce. Ta fito daga ɗakinta ba takalmi, mayafi ya rufe mata rabin fuska. Ta tsaya daidai inda take zama da faifan shinkafa. Ba ta dubi kowa ba. Da mahaifina ta yi magana, a hankali, yadda ta saba.

"Malam Ƙarami, karatun nan yana ƙirjin mutane ko'ina. In an tsayar, Liman zai ƙarasa masa. Ɗana kuwa nan kaɗai yake."

Tun da nake ban taɓa jin ta ce ɗana ba. Gwaggo ta rufe baki da hannu. Mahaifina ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "A bari ya kai aya."

Ayar tana da tsawo, makarancin kuma mai ja ne. Muka tsaya. Ina jin ɗigon ruwa na farko a kan kwano. Liman ya ɗaga yatsa yana bi da leɓɓansa, da aka kai sai ya sauke. Na danna. Ɗakin ya yi tsit in ban da kukan inbata. Na rufe abin sautin gaba ɗaya, na koma kan 'yar alamar. Na danna.

Ta saki. Rubutu ya fito, fitila ta tsaya. Na ɗora yatsa har na ji rawar ta mutu a ƙarƙashinsa, sannan na zare. Ban kai ga kashe kwamfutar ba fuskarta ta yi baƙi. Ruwa ya tsuge.

Liman ya zauna a kan buzun Baffa ya ɗauka daga inda aka tsaya, da ka. Maza suka shigo daga zaure suka cika ɗakin, mata suka zauna a rumfa ruwa yana fantsamo musu. Mahaifina ya zauna kusa da Liman har aka kai ƙarshen surar. Ni kuma na kai wa Inna rumbun. Ta karɓa, da sauran ɗuminsa, ta naɗe shi a cikin hular Baffa ta sa a ƙasan adakarta.

Da rana ta dawo batir ya cika, na je na same ta. Na ce, "Inna, a kawo in jona mu duba. In lafiya yake, sai Baba ya kai Kano a yi masa kwafi, kada mu zauna da guda ɗaya." Na gaya mata gaskiya: na cire shi yadda ya kamata, amma ya kwana ya wuni yana aiki, ga ƙaran da Baffa ya ce ya fara. Ban san abin da za mu tarar ba, kuma jinkiri ba ya ƙara masa lafiya.

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Na ji. Ki bari in fita takaba. In yana ciki, yana ciki. In kuma babu, ban shirya rasa mutum biyu a damina ɗaya ba."

Muna nan muna jira. Gero ya fara fitar da kai. Allah ya yi wa Baffa rahama, ya sanyaya masa makwanci, ya karɓi karatun da ya fara wasu suka ƙarasa masa. Wanda ya karanta wannan, in ya yi masa addu'a, ya haɗa da Yaya, a duk halin da yake.